Sallamar Hagu

Zuwa ga autata Rukayya,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin ta uwa da 'yarta, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, kin sami ɗaki mai ƙofa da sakata, da maƙwabta masu tsoron Allah. Allah ya tsare min ke a garin da ban taɓa gani ba, ya rufa miki asiri, ya haɗa ki da shugabanni masu mutunci a wurin aiki. Yayanki Sani ne zai miƙa miki ita idan motar albasarsu ta bi ta wajenku, tare da 'yar shinkafa da kuka da daddawa.

Za ki ce ina wayar da kika saya min. Tana nan. Shekaranjiya da kika kira kika ce, "Inna, yaya wuyan?" na ce da sauƙi. Sai kika ce, "Inna, ni fa ban yarda da wannan da sauƙin naki ba. Wallahi in ba za ki riƙa faɗa min gaskiya ba, zan ajiye musu aikinsu in dawo gida." Tun ranar tuwo bai yi min daɗi ba. Ke da kika sha wahalar karatun gashin ƙashi, kika zauna gida jiran aiki har kika fara ramewa, yanzu an ɗauke ki a asibiti, ko zama ba ki gama yi ba, ki ce za ki ajiye saboda wuyan tsohuwa? Ba da yawuna ba. Amma na san ki, taurin kan babanki kika kwaso, in kin ce za ki yi to za ki yi. A waya kuwa bakina ba ya iya furta komai sai da sauƙi, haka aka raine mu. Shi ya sa na ɗauko biro. Na ɗora takardar a kan filo a cinyata don kada in sunkuya, kada ki fara min faɗa. Rubutun makarantar matan aure ne, ki yi haƙuri da shi.

Gaskiyar da kike nema zan ba ki ita. Amma sai kin fara jin wautar da na tafka da wuyan nan, don kina sakandare lokacin, kaɗan kika gani, sauran ɓoye miki na yi. Yanzu mata irina ne za su riƙa zama a gabanki, gara ki san abin da ke cikin kanmu.

Tun ina amarya a Bunkure nake turara shinkafa. Ki jiƙa shanshera, wato wadda ba a casa ba, ki kwashe ta da ruwanta a baho, ki ɗora a ka zuwa murhu, ki sauke, ki kai shanya, ki yini a sunkuye kina bazawa da juyawa, da yamma ki kwashe. Ruwan ma daga kanal, a ka. Ban taɓa jin an ce wuya yana gajiya ba. Shekarar da babanki ya rasu, Allah ya jiƙansa, na ƙara tukunya, don mai nema ya tafi amma masu ci suna nan. A shekarar ciwon kai ya kama ni. Daga ƙeya yake tasowa, ya bi ta saman kunnen hagu, ya je ya zauna a bayan ido kamar an ɗora min dutsen niƙa. Wani lokaci in na waiwaya da sauri sai ƙasa ta juya. Da safe yatsuna biyu na hagu, ƙaramin da na kusa da shi, sai in ji kamar ba nawa ba.

To ni kai na ji yana ciwo, sai na bi kai da magani. Ƙwayar kemis na sha har cikina ya fara zafi. Wanzami ya yi min ƙaho a ƙeya, ya yi min tsaga a gefen goshi, tabon yana nan kin san shi. Lami maƙwabciyarmu ta ce hawan jini ne. Wata ta ce iska ce na gamu da ita a bakin kanal da magariba, aka yi min hayaƙi har idona ya yi ja. Daga ƙarshe aka yi min kwatancen wani mutum ta wajen Madobi, wai yana gyara wuya. Bai tambaye ni komai ba, ko sunana. Ya kama haɓata da ƙeyata ya murɗa, ƙaras! Rukayya, ɗakin nan sai da ya kife da ni. Na yi amai a gabansa, aka ɗauko ni a adaidaita ina riƙe da kaina da hannu biyu. Na ce muku zazzaɓi ne.

Saboda haka in mace ta zo miki tana nuna kai, ki duba kan, amma kada ki tsaya nan, ki gangara wuya da kafaɗa da muƙamuƙi. In kin ga tabon ƙaho ko tsaga, kada ki yi tsaki, kada ki haɗa ido da abokiyar aikinki ku yi murmushi. Muna gani fa. Da zarar kin raina abin da ta yi, ta rufe bakinta ke nan, ba za ta gaya miki an taɓa murɗe mata wuya ba, alhali shi ne abin da kika fi bukatar ji. Ke kuma hannunki kada ya taɓa wuyan ɗan kowa sai kin tambaya kin auna. Ba don karatunki nake faɗa ba, na san an koya miki. Don na kwanta a ƙasan ɗakin mutumin nan nake faɗa.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, Sani ya kai ni asibiti a Kano. Likita ya auna jinina, aka yi hoton ƙashi, ya ce ba wani mugun abu a cikin kai, ya tura ni ɗakin gashi. A nan na haɗu da Likita Binta, wadda kika sani, wadda ta sa miki sha'awar aikin nan. Abin da ba ki sani ba shi ne irin wahalar da na ba ta.

Ranar farko ta ce, "Mama, sannu. Yaya jiki?"

Na ce, "Da sauƙi."

Ta ce, "Yana hana ki barci?"

Na ce, "A'a, alhamdu lillahi."

"Jiri fa?"

"Ba a rasa ba, amma da sauƙi."

Ni da nake kwana a zaune! Amma ke ma kin sani, a garinmu ko mutum yana gargara aka ce yaya jiki, da sauƙi zai ce. Wanda ya ce ba sauƙi, sai a ga kamar yana kai ƙarar Ubangijinsa. Kuma ina ni ina baje ciwona a gaban 'yar mutane, yarinyar da na haife ta? Na amsa mata kamar yadda ake amsa wa mai zuwa dubiya. Ita kuwa da amsata za ta yi aiki, ba ta da wani madubin da zai nuna mata cikin kaina. Ta koya min wani motsi daidai da abin da na faɗa, na je gida na gwada, jiri ya taso, na watsar. Da na koma ta tambaye ni, na sake cewa da sauƙi. Na ga ta dube ni, ta dubi yadda nake zaune a sanƙare.

Muna cikin haka aka kira azahar. Na ce a nuna min inda zan yi salla. Ta shimfiɗa min dardumarta a kusurwar ɗakin, ta koma kujerarta. Da na idar ina naɗe dardumar sai ta ce, "Mama, don Allah sake yin sallama in gani."

Na ce, "Sallama kuma, likita? Ai na idar."

Ta ce, "Na ga dama da wuya kika juya. Hagu kuwa da kafaɗa da ƙugu duk kika juya, har gwiwarki ta ɗaga. Tun yaushe kike haka?"

Na buɗe baki zan ce da sauƙi, sai na ga ba ta shiga nan. Na tsaya ina tunani. Wallahi ban san tun yaushe ba. Kullum ina salla, ban taɓa lura wuyana ya daina zuwa hagu ba. Sai ta tashi ta tura ƙofa, ta ajiye bironta, ta jawo kujera kusa da ni ta ce, "Mama, gaisuwa mun gama ta tun a bakin ƙofa. Yanzu ba gaishe ki nake ba, tambayarki nake." Ban san lokacin da hawaye ya zubo min ba. Tun rasuwar babanki gaishe ni kawai ake yi.

Ranar ta ji komai, har na mutumin Madobi. Ta ce Allah ne ya tsare, ba ta ƙara ko kalma a kai ba. Ta fara da tambayoyin da suka ba ni tsoro: ko ina ganin abu ɗaya ya zama biyu, ko abinci yana shaƙe ni, ko harshena yana nauyi, ko na taɓa faɗuwa haka kawai, ko fuskata tana mutuwa. Duk na ce a'a, kuma wannan karon da gaske. Ta ce ranar da ɗaya daga ciki ya faru, ba jiran ranar ganin likita, a taho da ni nan take. Sannan ta sa ni kallon sama da ƙasa da gefe. Ta shafa min auduga a yatsu ina rufe da ido, ta ce in matse hannunta, ta ƙwanƙwasa min gwiwar hannu da 'yar gudumar roba. Ta ce in kafa ido a babban yatsanta ina juya kai. Ta zaunar da ni a kujera mai juyawa, ta riƙe kaina cak aka juya jikina, wai don ta gane ko jirin daga kunne yake ko daga wuya. Ta sa yatsu a gaban kunnuwana ta ce in buɗe baki, ta ce ina cije haƙora a cikin barci. Ni da na ce ba na ma barcin!

Can sai ta kwantar da ni, ta sa babban yatsanta a ƙarƙashin ƙeyata ta hagu ta danna a hankali. Sai ga ciwon kan nan ya taso, ya bi hanyarsa ta saman kunne har bayan ido. Na ce, "La ilaha illallahu, shi ne! Likita, shi ne!" Ta ce to ga gidansa nan. Ta yi min bayani da Hausa tsantsa: gaɓoɓin saman wuya sun ƙage, su ke aika ciwo kai, su ke kawo jirin, a ƙasan wuya kuma akwai jijiyar da ta matsu, ita ke kashe min yatsu, ga muƙamuƙi yana ƙara nasa. Abu uku ne suka cakuɗe, ni kuma ina ta tsaga goshi. Ranar ke kika raka ni, kina zaune a bencin bakin ƙofa da kayan makarantarki. A mota, mun kusa Bunkure, kika ce, "Inna, ni wannan aikin zan yi." Na ce Allah ya ba da sa'a, a raina ina cewa yarinta ce.

To ga shi kin yi. Ki raba gaisuwa da tambaya, Rukayya. Ki gaishe su yadda ya kamata, ki bar su su ce da sauƙi, haƙƙinsu ne, ba ƙarya suke miki ba, ladabi ne. Bayan nan ki tura ƙofa ki tambaya. Kuma ki yi aiki da ido. Ki ga yadda take cire mayafi, yadda take waiwayowa in an kira sunanta, hannun da take ɗaukar jaka da shi. Jiki bai iya wannan ladabin namu ba.

Kada ki ɗauka daga ranar na shiryu. Ina! Ni da aka ce ɗakin gashi, na zaci allura za a yi min, ko a jona min wani inji mai wuta. Ta dai murza min gaɓoɓin a hankali da hannunta, na ji daɗin wannan. Amma babban maganin wai ni zan yi wa kaina: in ja haɓa ciki kamar kunkuru, in matse allon kafaɗa, in kafa ido a ƙusar bango ina juya kai sannu sannu, in rage tudun filo, in ɗora tsumma mai ɗumi. Na ce a raina, na baro Bunkure na sha rana a tasha don a ce in ja haɓa? Na bi ta kemis na sayi kwalar wuya, irin wadda ake ɗaura wa masu haɗari, ba wanda ya ce in saya. Na ɗaura ta safe da yamma. Kuma Allah na tuba, na ji daɗinta, don duk wanda ya gan ni sai ya ce sannu, ciwona ya fito fili kowa ya shaida. Ranar da na cire don wanka, kaina ya yi min nauyi kamar tulu. Likita Binta ta ce, "Mama, in kin ɗaure shi kullum naman wuyan saki yake, ya daina riƙe kan." Ta karɓe kwalar ta jefa a durowa. Sannan ta ce tunda salla ba ta wuce ni, in na idar kada in tashi daga kan tabarma sai na yi motsin. Da wannan dabarar ta kama ni.

Sai maganar kaya. Ba ta ce in daina sana'a ba, da ta faɗa da ba ta sake ganina ba. Cewa ta yi in nuna mata yadda nake ɗaukar baho, na kwatanta mata da kwandon shara na ofishinta, muka yi ta dariya. Ta ce in raba kayan biyu, a ɗaga min murhu, in sami manjagara mai dogon ƙota don shanya, ruwa da shanshera kuma a baro. Baron nan shi ya fi min ciwo. Ranar da na fara tura shi zuwa kanal, Lami ta leƙo ta katanga ta ce, "A'a, Hajara, yaushe kika zama ɗan garuwa?" Kunya ta sa na jingine shi, na koma ga gammona. Kasuwa ta yi kyau a lokacin, na yi ta jido. Sai da na kwanta rijif, tukunya ta huce, masu shinkafa suka kai wa wasu, sannan na koma wa baron. Yau ita Lamin aron baron take zuwa yi.

Don haka kada ki ce wa matar da ke ci da wuyanta ta daina aiki. To za ta ce miki, ta fita ta je ta ɗora kayanta. Ki tambayi sana'arta, ki sa ta nuna miki, ku nemi dabara tare. Ki gaya mata dalilin kowane motsi, don mu in ba mu ga allura ba gani muke ba a yi komai ba. In ta dawo ba ta yi ba, kada ki yi fushi, uwarki ma haka ta yi.

Akwai ranar da ban taɓa gaya miki ba. Da damina ne, muna sallar magariba a tsakar gida, ke a hagu da ni kamar kullum. Na yi sallama dama, na yi hagu, sai kawai na ga fuskarki. Da can gefen tabarmarki kawai nake gani, sai na murɗa jiki duka. Ranar kafaɗata ba ta motsa ba, wuyan ya tafi da kansa har ya kai gare ki, kina cikin shuɗin hijabinki, bakinki yana motsi. Ba ki lura ba. Ni dai na daɗe a zaune ina godiya.

Ke ma ina da magana da ke. Na ji muryarki a waya, kina ce min lafiya lau, lafiya lau, kamar ba ni na haife ki ba. Kin gaji abin da kike min faɗa a kai. Kina garin da ba ki da kowa, in ba ki da lafiya ki gaya wa wani. Ki nemi dattijuwa a maƙwabta ki riƙa gaishe ta, ki ci abinci a zaune, kada ki bi hanya bayan isha'i. Wayar nan da kike sunkuya mata kamar mai tsintar shinkafa, ki ɗaga ta, kada mai gyaran wuya ta dawo min da wuya a karkace. Daga yau in kin kira mu gaisa tukuna, ki ce yaya jiki in ce da sauƙi, don ba zan iya dainawa ba. Sannan ki tambaye ni in amsa, ni ma in tambaye ki ki amsa.

To ga amsar taki, ki karanta da idon likita. Ciwon kai yana zuwa ranar da shanya ta yi yawa, amma bai kai na da ba, tsumma mai ɗumi da hutawa suna korar shi. Yatsun nan biyu suna mutuwa da asuba, kafin in gama alwala sun dawo. Jiri sai in na ɗaga kai zan rataya kaya a igiya, kuma na sa Sani ya sauke igiyar. Ba na ganin abu biyu, ba na shaƙewa, harshena lafiya lau, kin dai ji shi. Motsin ina yi, na azahar ne yake kuɓuce min in tukunya na kan wuta. Ranar Juma'a na ɗora baho a ka don tayar baron ta sace, na kuma ji a jikina, an gyara tayar. Ranar komawata asibiti Lami za ta raka ni. Sallama kuwa da wuya nake yin ta, dama da hagu, kafaɗa ba ta motsi.

Abin da kika ji a muryata ba wuya ba ne. Kullum da magariba in na juya hagu, wuyan yana tafiya sumul har ƙarshe, sai in ga bango da tabarmarki a naɗe a jikin ƙusa. Gidan ya yi min girma, Rukayya. Ina dafa tuwo ya yi saura. Ina kewarki, na faɗa, tunda kin ce gaskiya kike so. Wannan ba shi da motsin da za ki koya min, kuma dawowarki ba maganinsa ba ce. In kin ajiye aikin nan kika dawo, zan juya hagu in gan ki a zaune ba abin yi saboda ni, wannan sai ya fi bangon ciwo. Can inda kike akwai wata mata da ke juyawa da jiki duka tana cewa da sauƙi, ba wanda ya taɓa tura ƙofa ya tambaye ta. Ki zauna ki jira ta. Tabarmarki ba zan ba kowa ba, da babbar salla ki zo ki shimfiɗa abarki.

Allah ya yi miki albarka, ya sa waraka a hannunki, ya kare ki daga sharrin hanya da sharrin mutum da na dare da na rana. Allah ya kai ki ɗakinki lafiya kullum, ya dawo min da ke lafiya a lokacin da ya dace. Lami tana gaishe ki, ta ce ki zo ki duba mata gwiwa.

An kira magariba, bari in tashi. Zan yi sallama dama da hagu. Ta hagun taki ce, duk inda kike ki amsa.

Mahaifiyarki,
Hajara